Lambar da Ta Tsaya a Sittin

Litinin, 5 ga Oktoba, 2009

Taron malamai. Malam Zarami ya sake tayar da maganarsa: a goge tsarin Linux daga kwamfutoci goma sha biyun da ke hannuna, a sa abin da kowa ya saba da shi. Hujjarsa ita ce manhajar da nake nuna wa 'yan aji uku taurari da ita tana sarƙewa. Kuma tana yi. Wata sai ya tsaya cak a tsakiyar allo, yara su yi ta dariya.

Na ce laifin tsohon direba ne, sabo na hanya. Hajiya Meram, mai makarantar, ta sauke tabarau ta ce, "Direban wace mota kuma, Malama Bara'atu?" Na yi mata bayani cewa wata ƙaramar manhaja ce da ke shiga tsakanin kwamfuta da katin hoto, wato abin da ke zana hoto a allo, kuma wannan a buɗe take, mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu suna gyara ta kyauta.

Daga nan bakina ya ja ni. Na kai su ɗakin kwamfutocin, na kunna glxgears, gwajin nan mai tayoyi uku masu haƙora da ke ƙirga hoto nawa ake zanawa a daƙiƙa ɗaya. Ya ba da 900. Na ce da sabon direba sai ya ninka, in bai ninka ba a ba Malam Zarami ɗakin. Hajiya ta ce ranar sha biyar ga wata.

Wa ya aike ni?

Laraba, 7 ga Oktoba

Faifan sabon direban ya iso daga Bauchi ta motar haya. Sau biyu ina zuwa tasha kafin na same shi.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Na ɗora. Na kunna gwajin.

60.

Na kashe, na kunna. 60. Na gwada a kwamfuta ta biyu, ta biyar, ta tara. Ko ɗaya bai ƙaru ba, ko ɗaya bai ragu ba. Na rufe ɗakin na fita, na manta jakata a ciki.

Asabar, 10 ga Oktoba

Na je garin Katagum gaida Inna. Ta soya min kifi, na kasa ci. Ta ce, "Ke jikinki ne nan, hankalinki na Azare." Na ce aiki ne. Ta ce in na ɓata wani abu in faɗa tun kafin a gano. Ban ce mata na ɓata komai ba fa.

Litinin, 12 ga Oktoba

Na mayar da tsohon direba a kwamfuta ɗaya don in tabbatar ba idona ba ne. 900 ya dawo. Garin matsar da tagar gwajin gefe, hannuna ya zame na ƙanƙance ta. Lamba ta yi tsalle zuwa 2,400. Na ƙara matse ta, ta wuce 3,000. Na buɗe ta ta cika allo, ta faɗo 200.

Direba ɗaya, kwamfuta ɗaya. To me abin nan yake aunawa? Girman taga?

Ga abin da ba na son rubutawa. Ranar Alhamis zan iya barin tsohon direba a wannan kwamfutar, in ƙanƙance taga, in ce ga sabo nan ya ninka. Hajiya ba za ta gane ba. Na daɗe a zaune ina kallon tayoyin. Ban yanke komai ba.

Talata, 13 ga Oktoba

Darasin 'yan aji uku. Ban so kunna manhajar taurarin ba, suka matsa. Sha ɗaya na kan sabon direba.

Ba ta sarƙe ba. Sama na juyawa sumul, muka bi wata tun daga jinjirinsa har ya cika. Biyu da ke bakin ƙofa, tsofaffin nan, allonsu ya yi baƙi suka mutu. Wadda ke kan tsohon direba kuwa, mai 900, tana nan tana tuntuɓe kamar kullum.

Kaina ya ɗaure. Mai ƙaramar lamba ke gudu, mai babba ke rarrafe.

Laraba, 14 ga Oktoba

Ba wuta tun safe, janareta ba mai. Na yi ta zagaye a baranda.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Na tafi da niyya biyu a raina, ban san wadda zan bi ba har muka shiga ɗakin. Na tsaya a gaban mai tsohon direba. Hannuna har ya kai. Sai na wuce ta gaba, na kunna. 60.

Na ce, "Hajiya, bai ninka ba. Kuma lambar da na nuna muku rannan ba ta nufin abin da na ce." Na nuna musu wasan taga. Haushin kaina ya kama ni.

Malam Zarami bai yi dariya ba. Ya matso, ya danna maɓallan da ke jikin allon, ya karanta wani abu. Ya ce, "Malama, allon nan sau sittin yake sabunta hoto a daƙiƙa. Ina jin sabon naki jiran allon yake, ya daina zana abin da ido ba zai gani ba." Kwana bakwai ina kallon lambar nan, ban taɓa tunanin duba allon ba.

Hajiya ta ce ita duk ba ta gane ba, wa ya ci? Da Malam Zarami ya ce shi ne, ba ni da bakin magana. Sai ya cire agogonsa ya ce a gwada da abin da yara ke amfani da shi. Muka kunna manhajar taurari a kowace, minti biyar-biyar, yana ƙirga sau nawa take tsayawa. Tsohon direba: sau goma sha huɗu. Sabo: sau ɗaya a guda, sauran babu. Biyun bakin ƙofa suka sake mutuwa a gaban kowa.

Hukunci: goma sun zauna yadda suke. Biyun nan an ba Malam Zarami ya sa musu nasa tsarin, 'yan aji shida su koyi buga takarda.

Da za mu fita ya ce, "Alƙawari dai ba ki cika ba, Malama." Na ce na sani. Ya ce shi ke nan.

Litinin, 19 ga Oktoba

Na rubuta wa masu gyaran direban labarin kwamfutoci biyun da ke mutuwa, da sunan katinsu. Awa ɗaya a shagon intanet kafin saƙon ya tafi. Ban sa lambar tayoyi ko ɗaya ba.

Talata, 3 ga Nuwamba

Sun amsa! Wani ya turo gyara, ya ce in gwada a ɗaya daga cikin biyun in gaya masa abin da na gani. Mukulli na hannuna, ɗakin ba kowa, wuta ma akwai. Amma kwamfutocin na Malam Zarami ne yanzu, shi kuma ya tafi Udubo ta'aziyya sai jibi.

Zan jira shi. Ba wai ba zan iya ni kaɗai ba.