Tinyar da Aka Fitar Tsakar Gida

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna? Wata goma sha ɗaya rabona da gida, aikin asibiti a nan garin Mandera ya ɗaure ni.

An ce ka fitar da tukunyar tinyata tsakar gida ta sha rana. Ban ga laifinka ba, ta yi yaushi a ɗaki, ko da yake ba a tambaye ni ba, kamar kullum. Amma 'yata Hafsatu ta fara tafiya, kuma nonon tinya makantarwa yake yi. Don Allah ka ɗora tukunyar bisa rufi yau.

Gaida kowa, a sa mu a addu'a. Bana yara uku aka kawo mini da nonon nan a ido. Ido shida, biyu na ceto.

Ƙaninka,
Umaru