Rantsuwa a Kan Manhajar Ofis

Zuwa ga ƙanwata, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara.

Na rubuto ne in faɗa miki laifin da na yi. Na ɗauki hutu daga aiki, amma jiya ina kan sallaya, carbi yana hannun dama, sai na tsinci hannun hagu yana latsa waya.

Sabuwar manhajar da kamfaninmu ya kawo wa sashen kula da ma'aikata ce ta ja ni. Auta, abin mamaki ne! Fayilolin da na yi shekaru ina kakkaɓe wa ƙura a kabad duk sun koma intanet. Ma'aikaci zai nemi hutu daga gidansa, in amince daga kujerata, kafin ya ajiye waya amsa ta iske shi. Ko yanzu da nake rubutu zuciyata tsalle take yi, kuma tsallen ne yake ba ni tsoro.

Saboda haka na rantse da Allah ba zan buɗe ta ba har hutuna ya ƙare. Ga wayar nan tare da wasiƙa, ki ɓoye mini ita.

Wassalam, yayarki.

*

Yaya Ustaziya,

Wa alaikumus salam, kowa yana gaishe ki.

Wayarki ta hana mu sakat! Na jefa ta a tukunya na rufe, tana ta gurnani kamar mage. Yau dai na gaji na ɗaga, ashe mataimakinki ne na ofis.

Direban kamfaninku, dattijon nan mai kai ki gida in ana ruwa, mahaifinsa yana asibiti a wani gari, rai a hannun Allah. Ya nemi hutu, manhajar ta ce sai ke. Wai da za ki tafi ba ki miƙa wa kowa ikon amincewa ba. Mantuwa ce, Yaya, ko rowa? In ya tafi haka, manhajar za ta rubuta cewa ya gudu daga aiki, kuma an ce manajanku ba ya jin bayani. Bawan Allah yana can bakin ƙofar ofis, jaka a cinya.

In aiko da wayar? Ki amsa da wuri, don Allah.

Taki, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum.

Ba mantuwa ba ce. Na binciki zuciyata, na tarar so nake kowane izini ya bi ta hannuna.

Ban jira waya ba, domin ba a cikinta manhajar take ba. Na zura hijabi, na tsallaka shagon buga takardu na kan kwana, na ari kwamfuta. Na amince da hutun, na miƙa ikon ga mataimakina. Na tura masa lambar mai shagon, ya kira ya ce direba ya fita da gudu, har ya bar hularsa a kan benci. Auta, a gaban mutane na yi kabbara!

Ki taya mu addu'a ya iske mahaifinsa da rai.

Rantsuwa kuwa, ban cika ta ba. Na karya, gobe zan fitar da kaffara.

Wassalam, yayarki.