Rubutun da ke ƙasan hoton Baba Fabian

Anti Ummusalma, ki taimaka min. Ni babban darakta ne, jarumai layi suke yi a ƙofata, amma yau kaina ya kulle.

Akwai wani dattijo a Nasarawa Gwom, Baba Fabian, mai rubuta allon shaguna. Shi ya fara ba ni burushi, bokon nan ma shi ya koya min, don makarantar allo kawai na yi. Aikina zana mutanen unguwa kamar fastar fim: wuta a baya, mota na tashi sama, suna a ƙasa. Kuma ni akwai tsokana, Allah ya shirye ni.

Bara na zana Baba da baƙin gilashi, burushi a hannu kamar bindiga. Ya yi kyau wallahi. Sunan fim ɗin sai na rubuta da ajami, tunda ba ya karantawa: Sarkin Marowata. Ai gwangwanin fenti sai ya kankare shi tas kafin ya yar. Na ce masa Jarumin Jarumai na rubuta. Ya rataye a shago, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Masu karanta ajami su ƙunshe dariya, ni ina gefe ina jin daɗi.

Anti, Baba ya rasu. 'Yarsa Suzana ta zo tana kuka, wai hoton da ya fi so ke nan, shi za su buga a babban ƙyallen sanarwa da rigunan jana'izar da za a yi ranar Asabar. Ta tambaye ni ma'anar rubutun, na maimaita ƙaryar. Idan na yi shiru, rabin unguwa za su karanta a bakin kabari. Idan na faɗa, da wane ido za ta dube ni?

Daraktan nan kuma ƙarya ce, don ki karanta ne. Ni Mahdi ne, mai fenti, wanda bai taɓa ce wa Baba na gode ba.

Amsa

Ranka ya daɗe darakta, tun layi na biyu na ji warin fenti.

Mahdi, ka je wurin Suzana yau, kafin a kai wa masu bugawa. Ka tafi da wani babba da take girmamawa, ka faɗi abin da aka rubuta da bakinka. Za ta iya yin fushi, haƙƙinta ne, kada ka kare kanka. Fushinta a cikin gida ya fi sauƙi a kan ta ji daga bakin 'yan gaisuwa.

Ban ce kai mugu ne ba. Mutumin da ya tsufa cikin masu karanta ajami, da wuya a ce ba wanda ya raɗa masa. Wataƙila ya sani, ya ƙi saukewa saboda hannunka ne. Amma wasan tsakaninku ne, bai shafi kabarinsa ba.

Ka tafi da burushinka. Idan ta yarda, ka shafe layin, ka bar ta ta zaɓi abin da za a sa, ka rubuta da bokon da ya koya maka. Allah ya ba ku haƙurin rashi.