Sifikar Gidan Baffa Dabo

Zuwa ga Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baffa Dabo da Inna Kaltume da sauran mutanen gidanku. Yaya shirye-shiryen bikinki? Allah Ya nuna mana.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Muryar nan taki da kika ce in goge daga ɗan emfi ɗina na jin waƙa, tana nan, ban goge ba. Kin tuna dai, ranar da muke tsintar wake a bayan rumbu, kika tashi kina kwaikwayon Hajiya Hure, uwar angonki, yadda take lasar murfin kwalbar man gyaɗa kafin ta rufe. Har kika ce in kin shiga gidan sai kin koya mata zama da mutane. Wallahi a lokacin don in riƙa jin dariyarki bayan kin tare na ajiye ta.

Sai ga ranar ɓarar gyaɗa a gidanku. Matan unguwa sun cika tsakar gida, kika ce in ara miki emfin a jona da rediyon Baffa mai manyan sifiku, aiki ya yi sauri. Na ba ki. Ke kaɗai kika san ina naɗar labarin soyayyar da nake ƙirƙira da bakina. Ke kaɗai kika san saurayin cikin labarin ba ƙirƙirarsa na yi ba. Kika tsallake waƙoƙi duka, kika danna nawa. Asama'u, na ji muryata ta fito ƙatuwa kamar ta mai tallar magani a kasuwar Ɗambatta, tana cewa Mika'ilu hasken idanuna. Kika ƙara murɗa sauti. Shi kuwa Mika'ilun yana bayan katanga yana sauke buhu daga amalanke.

Tun daga ranar ba ni da suna a garin nan sai Hasken Idanu. Innata ta tattara littattafaina ta hura wuta da su, ta ce dama itace ya yi tsada. Mika'ilu, da yake gaishe ni a hanyar islamiyya, yanzu in ya hango ni sai ya ratse ta cikin dawa. Ke kuma wai hannunki ne ya kuskure. Ai na ga fuskarki.

Kina ganin ban iya komai ba sai sunkuyar da kai. To, duk zuwan da nake yi taya Inna Kaltume daka, rediyon nan nake nazari. Siririn kan wayar a ramin abin kunne na emfi, ja a ja, fari a fari a bayan rediyo, sai a jona batirin sola. Na gwada ranar da kuka tafi gun tela. Har bakin rijiya ana ji.

Bana kuɗin takin zamani ya cinye abin da aka noma, Baffa ya ce babu halin ɗauko mai kiɗa daga Bici. Da rediyon gida za a yi kamu, kuma Inna Kaltume da bakinta ta ce ni zan zauna gun sifika, tunda emfin nawa ne. Ƙannen Hajiya Hure ne za su zo kama ki, ita kuma gidanta bai kai rijiya nisa ba. In kin ce a canza ni, sai kin gaya wa Innarki dalili.

A littattafan da na karanta, yarinya takan yafe a shafin ƙarshe, a rungume juna ana hawaye. Na nemi wannan yafiyar a zuciyata, ban same ta ba. Ban kuma ce lallai zan danna muryar taki ranar kamun ba. Ni ma ban sani ba tukuna.

Da na so in yaga takardar nan, in bar ki ki ji kwatsam. Sai na ga hakan ya yi miki sauƙi. Gara ki zauna cikin lulluɓi, duk waƙar da ta ƙare gabanki ya faɗi kafin ta gaba ta soma. Anjima in na kawo garin lallen da aka aike ni da shi, zan sa miki takardar nan a hannu da kaina, in tsaya har ki buɗe.

Ki gaida mini Baffa. Na bar ki lafiya.

'Yar'uwarki,
Safara'u