Hamma, Na Ɗaura Madubinka a Kan Bindigar da Ba Tasa Ba

Zuwa ga yayana, Hamma Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Damina uku ke nan da muka kai ka makwancinka, kuma ban taɓa rubuta maka ko layi ɗaya ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina gyara rubutun mutane a gidan jarida. Yau na ɗauki biro ne domin na harbi wata baiwar Allah ta cikin madubinka, saura yatsa biyu in tsiyaye mata ido. Kai ne ya kamata ka fara jin yadda aka yi, ko da yake na san wasu za su karanta.

Bayan na ajiye aiki na karɓi ɗan filin nan naka na bakin tafkin Njuwa. Ka sha cewa hannun da ya saba da jan biro ba zai iya fartanya ba. To ya iya, da ƙyar. Ranin bana na shuka masara da kankana, kuma kankana na fara 'ya'ya kurege ya mai da ita tasa. Na ɗana tarko, ya cinye gyaɗar ya bar mini tarkon. Guba kuwa na ƙi sawa saboda awakin mutane. Sai na yanke shawarar sayen bindigar iska, irin wadda ba ta amfani da albarushi, ƙwayar dalma kawai take tofawa, mai girman ƙwayar dawa.

Na je wani shago a kasuwar Jimeta, wurin wani ɗan kasuwa mutumin Kudu. Ya nuna mini iri biyu. Ɗaya tana da ɗan tulu a ƙarƙashinta da ake cika wa iska da famfo. Ita ba ta shuri, wato ba ta bugun kafaɗa in an harba, amma in robarta ta lalace ba mai gyara ta a nan kusa. Ɗayar kuwa karya ta ake yi a tsakiya, a danne sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, a sa dalma, a mayar. Ba ta neman komai sai ƙarfin damtse. Ita na zaɓa.

Ya ɗauko wani ɗan madubin saiti ya ce in haɗa da shi, don irinta aka ƙera shi. Na ce ina da wanda ya fi wannan a gida, na babbar bindiga. Ya girgiza kai ya ce, da Hausarsa ta kasuwa: "Oga, wannan bindiga yana cin madubi. Na babban bindiga ba zai zauna a kansa ba. Ni dai na faɗa maka." Na yi murmushi irin na wanda ya gano dabarar mai talla, na fita.

Ka san madubin da nake nufi. Bindigarka ta farauta mun mayar wa hukuma bayan rasuwarka, kamar yadda takardarta ta ce, amma madubin na riƙe. Kai kake kiransa idon aro. Ina tuna ranar da ka fara bari na leƙa cikinsa a ƙofar gidanmu na Yola, na ga tsuntsu a kan giginyar nesa ya matso har ina ganin ƙiftawar idonsa, ga siraran layuka biyu sun gitta juna a kan ƙirjinsa. Na ce a raina, madubin da ya jure shurin bindigar da ke kayar da gwanki, ina bindigar tsuntsu za ta girgiza shi? Lissafin ya yi kyau a kai. Kuskure ne daga farkonsa har ƙarshe.

Ga abin da na sani yanzu, bayan aikin gama ya gama. Bindiga irin taka baya kawai take shuri, kuma an ɗaure gilasan cikin madubinta ne don su jure bugu ta wannan fuska ɗaya. Mai sifirin kuwa sau biyu take bugu a harbi guda. Da ka taɓa kunama, sifirin ya saki, sai ta ja baya. Kafin ka ƙifta ido ƙarfen da sifirin ya tura ya kai ƙarshen hanyarsa ya daki bango, sai ta fizga gaba. Kafaɗa ba ta jin wannan fizgar sosai. Madubi yana ji. Kowane harbi yana sassauta wani abu a cikinsa kaɗan kaɗan, har layukan nan biyu su daina faɗin gaskiya. Kai kana ganin sun sauka a kan abu, dalma kuwa wani wuri dabam ta nufa.

Kai kullum kafin ka shiga daji sai ka yi harbin gwaji uku a jikin tudu. Kana cewa, "Ido na aro ne, kullum sai an tambaye shi ko yana nan a kan alkawari." Kana kuma cewa, "Kafin ka dubi abin da za ka harba, dubi abin da ke bayansa." Ni na saita madubin sau ɗaya ranar da na ɗaura shi, ya yi daidai, ban sake tambayarsa ba har wata guda. Ni da ban taɓa barin shafi ya tafi injin bugawa ba sai na karanta shi sau biyu.

Ranar wata Litinin da hantsi kuregen ya fito ya zauna a gindin tudun ƙasar da ya raba filina da fadamar shinkafa. Na ce madalla, in na kuskure shi tudu zai tare. Na harba, bai motsa ba. Na sake, ya ɗaga kai kawai ya dube ni. Sau biyar na harba, ban ga ƙura ta tashi a jikin tudun ba ko sau ɗaya, kuma ban tsaya na tambayi kaina ina dalmar take zuwa ba. Injin ban ruwa yana ta ruri a gefena, ban ji komai ba. Na naɗe bindiga a buhu na koma gida Nassarawo ina jin haushin kurege.

Washegari maƙwabciyata a gona, Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare, ta tare ni a bakin hanya da labari. An harbi Ya Falmata jiya a cikin shinkafarta. Ba ka san Ya Falmata ba. Dattijuwa ce daga Borno, tana cikin waɗanda tashin hankali ya koro, ta zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, aka ba ta aron fili a bayan tudun nan. Tana duƙe tana cire ciyawa, ta miƙe don ta huta, sai wani abu ya dake ta a gefen fuska, jini ya wanke mata rabin mayafi. A asibiti aka ciro ɗan ƙarfe daga ƙarƙashin fata. Ba wanda ya ji ƙarar bindiga, ba wanda ya ga mutum.

Hamma, na ce Allah Ya sawwaƙe. Abin da bakina ya iya faɗa ke nan. 

Da na koma gida na jingina kwali a jikin katangar bayan gida, na zana baƙin ɗigo a tsakiyarsa, na auna taku ashirin da biyar. Harbin farko ya sauka sama da ɗigon da fiye da taƙi ɗaya. Na biyu ya tafi dama. Na uku bai taɓa kwalin ba sam, siminti ya fasa can sama. Na kwance madubin na kai kunne na girgiza, sai na ji wani abu yana kaɗawa a ciki kamar iri a busasshen duma. Na zauna a ƙasa a wurin. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Kwana huɗu na yi shiru. Ba zan ƙawata maka wannan ba. Tsoro ne.

A cikin kwanakin nan labari ya yi ƙafa. A Malkohi aka ce mutanen da suka gudo wa ne suka biyo su, sun ɓuya a ciyawar bakin tafki da bindigar da ba ta ƙara. Matan sansanin suka daina zuwa gona, tsuntsaye suka sauka a kan shinkafar da saura mako biyu a yanke ta. Samari suka fara maganar haɗa 'yan banga a bincika bukkokin masunta, musamman wasu baƙi biyu da ba a san asalinsu ba. Na san yadda irin wannan magana take ƙarewa, don na sha gyara labarinta a teburina, na sa mata kanu, na tafi cin abinci. Na kuma san yadda zan kasance a idon taron jama'a in na fito da bindiga mai madubi a kanta na ce ni ne. Wa zai tsaya jin bayanin sifirin? Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidana sai in leƙa in ga ko ni aka zo nema. Na yi tunanin jefa bindigar a kogin Binuwai. Har na naɗe ta, na kuma kwance.

Ranar Juma'a Malama Rifkatu ta zo har gida da safe tana dogara sanda, ta ƙi zama. Ta ce ta je duba Ya Falmata, ta tarar ta ɗaure kayanta a zane, za ta bar garin ranar Lahadi, ta bar shinkafar ga tsuntsu. Ta ce an nuna mata ƙarfen a cikin ƙullin takarda, ita kuma ta taɓa ganin irinsa a gwangwanin dalmar da nake ajiyewa a gindin mangwaro. Sai ta dube ni ta ce, "Edita, na tsufa ina koyar da yara. Na san fuskar wanda ya fasa tulu. Ko ka tashi mu tafi tare, ko in tafi ni kaɗai."

Mun fara zuwa wurin Jauro, mai unguwar, da bindigar a karye cikin buhu, da madubin, da kwalin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya kira ni da sunan da na cancanta, sannan ya sa hularsa ya ce shi zai shiga gaba, kada in buɗe baki sai mun shiga ɗakin Ya Falmata. Mutanen da ke zaune a inuwa suka bi buhun da ido. Ban taɓa jin nisan taku talatin kamar na ranar ba.

Tana zaune a kan tabarma, filasta a gefen idonta na hagu, ƙullin kayanta a bayanta. Na auna da idona, Hamma, don ba na iya barin aunawa. Yatsa biyu ne tsakanin filastar da ƙwayar idon. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga kurege. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kai ne? Kai kaɗai? Ba kowa a bayanka?" Na ce ni kaɗai. Ta sa na rantse, na rantse. Ta karɓi kwalin ta sa yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya, sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Ta ce wa Malama Rifkatu ta zo ta ga ɗan boko da gemunsa fari, an aike shi kurege ya kamo tsohuwa.

Sai dariyar ta ɗauke. Ta tambaye ni yaushe na gane. Na ce tun Talata. Ta ƙirga a yatsunta, ta ce, "Ciwon nan na yafe, tsautsayi ne. Amma kwana huɗu ina kwana da takalmi a ƙafata, kai kana gida kana auna kwali. Wannan sai na yi tunani."



Jauro ya sanar da hukuma, na je na rubuta bayani da hannuna, bindigar tana wurinsu. An bar masunta sun ci gaba da kamun kifinsu. Matan sun koma gona. Jiya na hango Ya Falmata daga kan tudu tana yankan shinkafa, na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Kuregen yana nan, ya ƙara ƙiba, na bar masa kankanar.

Madubinka yana cikin aljihun tebur, kusa da tsofaffin jajayen birona. Na kashe maka shi, Hamma, abu ɗaya da ka bari wanda hannunka ya goge har fentinsa ya koɗe. Wani lokaci in na jawo aljihun sai in ji abin nan ya kaɗa a ciki, in tuna ranar Talatar. Da kana nan da ka zage ni tas, sannan ka ja ni da kanka zuwa Malkohi tun ranar farko, ba sai mace mai sanda ta zo ta tashe ni ba. Wannan zagin nake kewa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Dada da Baba a inda babu tsoro. Allah Ya ba Ya Falmata barci mai nauyi a garin da ba za ta sake ɗaure kaya ba. Ni kuma Allah Ya sa in ta gama tunaninta, ta yafe mini kwana huɗun nan kafin in iso inda kake.

Ƙaninka mai jan biro,
Sa'adu
Nassarawo, Jimeta