Sojojin Dalma Sun Ja Mini Tuhuma a Jibiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Magatakarda, ka sakaya sunana. Shawara nake roƙo don Allah, kuma kafin Lahadi.

Ni malamin elementare ne a Jibiya. Bara waccan wani Bafaranshe ɗan duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka, zai koma gida, ya bar mini akwati cike da 'yan sojojin dalma, kowanne bai fi yatsa ba. Rabi Faransawa ne, rabi rundunar Sarkin Rasha ta zamanin da, masu koren kaya da dogayen huluna, har da igwa biyu. Shi ya koya mini wasan: a zuba yashi a kan tebur, a auna tafiya da rula, a jefa wuri kamar na caca a ga wa harbi ya samu. Abokin wasana akawun kwastan ne, tare muka yi makarantar midil. Kullum shi ke riƙe Faransa, ni Rasha, kuma ba yabon kai ba, bai taɓa cin yaƙi ko ɗaya ba.

Kuskurena shi ne ban san garuruwan Rasha ba, sai na zana ƙasarmu a yashin, ga gulbi, ga Mazanya, ga Gangara, ga bakin iyaka. Kun dai san yadda sunan Rasha yake a kunnen hukumar Turawa a 'yan shekarun nan, saboda kwaminisanci.

Ran Talata mai duba makarantu ya zo. Bai ko leƙa rajista ba, ya ja ni gindin bedi, wato dogonyaro, ya tambaye ni me nake nufi da cewa Rasha za ta ci Gangara kafin damina. Maganar nan sau ɗaya na faɗe ta, a zaurena, mu biyu, ina yi wa akawu ba'a. Sannan mai duba makarantun ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan mahayin doki na dalma, ɗaya daga cikin waɗanda akawu ya ara wai zai nuna wa 'ya'yansa. Na ce masa ranka ya daɗe wasa ne, kuma sarautar masu wannan kaya ta rushe tun ban yi wayo ba. Ya ce shi ma ya yi tarihi, amma rahoto rahoto ne, zai dawo. Aikina ke nan a bakin rijiya.

Na tari akawu, ya rantse dokin ɓacewa ya yi a ofis, ya ce ni da ke ta murna kamar na ci Makka ai ko kurma ya ji ni daga titi. Har da fushi, wai na mai da shi ɗan leƙen asiri. Mai yiwuwa gaskiyarsa. Sai dai zaurena ba ya kallon titi, kuma ban gaya masa wane doki aka nuna mini ba, shi ya fara cewa mai farar ƙafa.

Jiya ya aiko wai mu manta, in zo gidansa da akwatin ran Lahadi bayan la'asar, yana da baƙo daga Katsina mai son ganin wasan. Ya ƙara da cewa lalle ni zan riƙe Rasha.

To jama'a, yaya zan yi? In na ƙi zuwa, an ce ina ɓoye abu. In na zuba sojojin a gulbi, an ce na ɓatar da shaida. In kai wa mai duba makarantu akwatin da kaina, ko in je in zauna gaban baƙon da ban san wa ya aiko shi ba? Kuma in na je, don Allah ku gaya mini, in ci yaƙin ko in faɗi?