Zazzaɓin Ummi

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Zazzaɓin Ummi ya dawo. Ta riƙe ciki tana naɗewa a tabarma. Kwana biyu zai yi ya tafi, kamar kullum. An gwada a Kazaure, ba na sauro ba ne. Jikata ɗaya tilo, kuma sunan mahaifiyata gare ta.

Alhamis, 16 ga Mayu
Matata Hajiya ta sake cewa daga gidan su Saude, uwar Ummi, ciwon ya zo, mu a danginmu ba a san shi ba. A gaban Sauden ta faɗa. Saude ta yafa gyale ta tafi Roni wurin ubanta Kawu, ta bar 'yar. Mijinta, ɗana Muhammad Nur, ya dube ni. Na kau da kai.

Talata, 28 ga Mayu
Kano. Likitar ta tambayi asalinmu. Na ce mu Barebari ne, na jero mata kakanni daga ni har Kukawa. Ta ce, "Baba, matan fa?" Na tsaya a kan kakata. A ajin yamma na koyi rubutu da furfurata, sunayen maza kaɗai na taɓa rubutawa.

Ta ce akwai wani zazzaɓi na gado, an fi samunsa a ƙasashen bakin Bahar Rum: Turkawa, Larabawa, Armeniyawa. A nan da wuya. Sun ɗibi jini za a aika waje.

Asabar, 1 ga Yuni
Na je Kanya Babba wurin gwaggona Ya Kura. Ba ta gani, amma kanta garau. Ta ce uwar kakata 'yar wani fatake ce daga Fezzan, can ƙasar Larabawa a hayin hamada, ayari ya bar ta a Barno ba ta da lafiya, aka aure ta. "Ja ce, kullum tana riƙe da ciki. Ubanka ma ai ya yi, ku kuka ce shawara ce." Na ce me ya sa ba a gaya mana ba. Ta ce, "Wa ya tambaya?"

Juma'a, 12 ga Yuli
Sakamako ya zo. Shi ne, zazzaɓin gadon. Likitar ta ce yawanci sai an gado ta uwa da ta uba, kuma namu ɓangaren ba shakka a ciki. Maganin ƙwaya ce ƙarama, kullum, har tsawon rai.

Na gaya wa Hajiya. Ta ci gaba da tsince shinkafa.

Lahadi, 25 ga Agusta
Tun da aka fara ƙwayar bai dawo ba. Yau Ummi ta kori akuya har bakin rijiya, ta faɗi, ta tashi tana dariya. Na shiga ɗaki na ɗan jima. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Laraba, 28 ga Agusta
Roni. Gyaɗar abokina Ashiru na je dubawa, sai na biya gidan Kawu.

Kawu yana ganina ya ce, "Babarbare, an ce ka zama Balarabe? Ina raƙuman?" Na ce tunda gadon ta uwa da ta uba ne, wata saniyarsu ma ta taɓa kiwo har bakin teku. Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce 'yarsa ta yi wata uku ba ta cin abincin kirki.

Aka kira ta. Ta durƙusa daga nesa: "Baba, ina wuni." Na ce Ummi ta warware, kuma abin da aka faɗa a gidana ba daidai ba ne. Ban shirya faɗin na biyun ba.

Acaɓa biyu muka hau zuwa tasha, ni da Saude. Jakarta ba ta da nauyi, shi ya sa na riƙe.